Mai Sikeli da Kek ɗin Tuffa

Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan kanta ta uku a gidan waya, yana auna ƙunshin kayan mutane. Shi ya sa har yau a layinsu Mai Sikeli ake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye aiki. Dogo ne siriri, da ɗan ranƙwafawa, ba ya sauri kuma ba ya ɗaga murya. Abokan aikinsa sukan ce idan ya ɗaga ƙunshi da hannu zai faɗi nauyinsa bai kuskure ba, amma duk da haka sai ya ɗora a sikeli, don shi bai yarda da kintace ba ko da nasa ne. Ranar da ya yi ritaya suka ba shi kyautar wani ɗan sikelin wasiƙu na tagulla, wanda aka daina amfani da shi tun zuwan na lantarki. Ya kawo gida ya ɗora a kan kabad.

A duk tsawon shekarun nan shan ruwa kaɗai ke kai shi kicin. Can daular matarsa ce, wadda kowa ke kira Inna, har shi ma. Ta yi shekara ashirin tana girki a wata makarantar kwana, tana ciyar da ɗalibai ɗari uku, kuma ba a taɓa ganin ta da ma'auni ba. Tafin hannunta ne kofinta.

Shekara biyu da ritayarsa Inna ta faɗi a tsakar ɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi: maganarta ta dawo, ƙafar ma ta soma takawa da sanda, hannun ne dai ya ƙi. 'Yarsu, wadda take aikin jinya a asibiti, ta ce ba za ta bar su su kaɗai ba. Ta kwaso su ta kawo gidanta, ɗaki uku da falo a hawan ƙasa na wani bene, inda take zaune da 'ya'yanta mata biyu. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai leƙo gida ba.

Tun da suka dawo Inna ta kama kujerar bakin taga. Mai gashin ƙashi ya ba ta wata ƙwallon roba ta riƙa matsawa da hannun, ta tura ta ƙarƙashin filo. Ko hanyar kicin ba ta kallo. Mai Sikeli ya lura, bai matsa mata ba, don ya san matarsa: idan aka ce mata yi, ranar ce ba za ta yi ba.

Shi kuwa aikinsa ya zama na jikoki. Uwarsu takan fita tun ƙarfe shida bayan ta shirya musu kwanukan makaranta, shi ya raka su, ya je ya taho da su, ya wanke kwanukan da rana. A wajen wankin nan ne ya ga abin da ya dame shi. Kullum akan sa wa kowacce tuffa guda, kullum kuma tuffar sai ta dawo. Ta Auta takan dawo da ɗan cizo ɗaya da ya yi baƙi. Ta babbar, wadda yake kira Alƙaliya saboda komai sai ta yanke masa hukunci, takan dawo ko taɓawa ba a yi ba.

"Auta, me tuffar nan ta yi miki?" ya tambaye ta.

Ta buɗe baki ta nuna masa giɓinta. Haƙoran gaba biyu sun tafi, na uku yana rawa.

"To, ke an ji uzurinki. Ke fa, Alƙaliya?"

"Kaka, lokacin tara minti ashirin ne. In na tsaya tauna wannan, yaushe zan yi wasa?"

Tuffa ta taru a kwandon kan firji, wasu sun fara yamushewa, shi kuma mutum ne da ba ya iya zubar da ko igiyar ɗaure kaya. Ran nan yana neman ashana a kabad sai idonsa ya faɗa kan bayan ledar fulawa. An rubuta yadda ake kek ɗin tuffa, cikin layi takwas, har da cewa mai sauƙi ne. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, kamar yadda yake karanta takardar aika kaya ƙasar waje.

Ranar Lahadi bayan la'asar, 'yarsa tana wurin aiki, yara suna gidan maƙwabta, ya sauko da sikelin tagulla ya goge shi. Ya auna fulawa kashi-kashi, don sikelin ba ya ɗaukar nauyi da yawa. Ya auna sukari. Ya daɗe yana jujjuya tuffa, saboda an ce a sa uku matsakaita, ba a faɗi nauyin matsakaiciya ba. An ce a juya har ya haɗu, shi kuma ya juya rabin awa don ya tabbata. Lambobin jikin makunnin oben ɗin sun goge, sai ya murɗa shi har ƙarshe.

Ba a jima ba muryar Inna ta taso daga falo.

"Malam, me ka ɗora a wuta?"

"Ba komai."

"To, ba komai ɗin nan yana ƙonewa."

Abin da ya fito baƙi ne ƙirin a sama, tsakiyarsa kuma kwaɓi ne tsamo-tsamo. Da yaran suka dawo Alƙaliya ta zagaya tiren, ta taɓa da yatsa, ta ce, "Kaka, wannan a makaranta za a kira shugaba." Auta ta yi ta dariya har tana shaƙewa. Shi ma ya murmusa, ya kankare tiren, ya rubuta a ɗan littafinsa: wuta ta yi yawa.

Lahadin da ta biyo baya ya sake gwadawa, amma wannan karon ya bar ƙofar kicin a buɗe.

"Inna, idan an ce gishiri kaɗan, nawa ke nan?"

"Kaɗan mana."

"Giram nawa?"

"Ikon Allah! Abin da yatsu uku suka ɗauka."

"Yatsuna ko naki? Nawa sun fi tsawo."

Can ya sake tambaya ko ana fere tuffar kafin a yanka ko bayan an yanka. Sai ya ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, a hankali. Bai waiwaya ba. Da ƙafa ya jawo kujerar roba ya tura ta bakin ƙofa, ya ci gaba da abin da yake yi. Inna ta zauna tana haki, ta ƙare wa teburin kallo.

"Wannan yankan na doki ne ko na yara? Ƙanana za ka yi, kamar kan yatsa. Yarinyar ba ta da haƙori."

Ranar ya koyi abin da ledar fulawa ba ta faɗa ba. Ƙwai biyu da sukari ake fara kaɗawa har su yi haske, sannan a zuba mai rabin kofi da madara rabin kofi. Fulawa kofi biyu ana haɗa ta daban da bekin foda, hodar nan mai sa kek tashi, da ɗan garin kirfa da gishirin yatsu uku. Idan an juye busasshen a cikin mai ruwan, juyi goma sha biyu ya isa.

"Amma akwai gudaji," ya ce.

"Bar su. Wuta za ta sasanta su. Kai da ka yi ta dukan na wancan satin, me ka samu?"

Ta sa ya barbaɗa wa yankakkiyar tuffar ɗan gari kafin ya zuba, don kada duk ta nutse ƙasa. Ta sa ya shafe tiren da mai har kusurwa. Da aka zo kan oben ta ce ya buɗe, ta miƙa hannun hagu ciki ta ɗan tsaya, ta ce ya rage. Ya rage, ta sake ji, ta ce ya yi. Nan take ya ɗauko jan biro ya yi wa makunnin alama.

Minti arba'in suka zauna suna jira, shi a kan buhun shinkafa, ita a kujerarta. Ƙamshin kirfa ya cika gidan. Ta ba shi labarin wata shekara da tandar makarantarsu ta lalace ana gobe zuwan iyayen yara, labarin da a shekara arba'in na aurensu bai taɓa ji ba. Ya ce me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba, ta ce yaushe ya taɓa zama a kicin? Daga nan ta ce ya soka tsinke a tsakiya. Tsinken ya fito a bushe.

Sai da ya huce sarai aka yanka, don Inna ta ce mai zafi idan aka rufe shi gumi yake yi ya lalace. Ya ɗauko rular Alƙaliya ya raba shi gida goma daidai, yara biyu, kwana biyar. Na Litinin da Talata ya naɗe a takarda ya sa a mazubi mai murfi, sauran ya kai firji.

Ran Litinin kwanukan suka dawo ko ɓurɓushi babu. Alƙaliya ta ce, "Ya yi, Kaka. Amma Inna ce ta yi ko?"

"Ni na yi."

"Shi ya yi," in ji Inna daga bakin taga. "Ni zagi kawai na taya shi da shi."

Daga nan abin ya zama na kowace Lahadi. Kujerar roba ta bar bakin ƙofa ta matso jikin tebur. Wata rana kwano yana ta zille masa yana juyi, ya ce Inna ta riƙe masa. Ta ɗora hannun hagu, ya ce ba ta wannan gefen yake gudu ba. Ta harare shi, sannan ta ɗago hannun daman da na hagun ta ɗora a bakin kwanon. Yatsun ba su kama ba, amma nauyin hannun ya tsayar da shi. Bayan wata biyu tana iya danne tuffa a katako yana yankawa. Da mai gashin ƙashi ya duba ta ya ce hannun ya ɗan saki, ya tambaya ko tana matsa ƙwallon.

"Wace ƙwallo?" ta ce. "Ni ma a gida gashi nake yi, irin nawa."

'Yar tasu ta taɓa ritsa shi yana shanya, ta rage murya. "Baba, tsakani da Allah, kwanon nan zillewa yake yi, ko kai kake tura shi?"

"Teburin ne bai daidaita ba," ya ce. "Ki duba ƙafarsa ta baya."

Ta je ta duba. Da gaske ƙafar ta ɗan gaza, har an cusa mata takarda. Ta dawo ta tsaya tana kallonsa, shi kuma ya ci gaba da matse rigar makarantar Auta.

Hannun Inna bai koma yadda yake ba, kuma likita ya ce da wuya ya koma. Ba ta sake riƙe wuƙa ba. Sai dai yanzu da safe ita ke zama a kicin tana faɗa wa 'yarta cewa albasar ta soyu, mijin 'yar kuma duk sanda zai tafi sai an naɗe masa yanka biyu, wanda hakan ya tilasta wa Mai Sikeli sayen tire mafi girma.

A bara wata matashiyar maƙwabciya da ke hawa na biyu, mai ɗinki, ta sauko ta ce ƙamshin nan na Lahadi ya hana ta sakat, 'ya'yanta kuma sun dame ta. Mai Sikeli ya zauna ya rubuta mata komai da kyakkyawan rubutunsa na gidan waya, har da nauyin matsakaiciyar tuffa. Bayan sati ta sauko da faranti a rufe, ta durƙusa ta gaishe su, ta ce a ɗanɗana a faɗa mata gaskiya.

Ya gutsura ya tauna a hankali. Ya sake gutsura. Inna tana kallonsa, maƙwabciyar tana kallonsa, shi yana kallon farantin.

"Me kika ƙara?" ya ce.

"Ba komai, Baba. Ɗan lemon tsami kawai na matsa a kan tuffar don kada ta yi baƙi."

Ya ƙara kai wani gutsure baki. Sannan ya ce, "Naki ya fi nawa."

"Haba Baba, ina ni ina fin ka!"

"Ya fi. Abin da yake gaskiya a faɗe shi." Ya juya wajen matarsa. "Ke kin san da wannan?"

"Tun ba a haife ta ba."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma da na faɗa, cewa za ka yi ɗigo nawa."

Maƙwabciyar ta rufe baki da gyale tana dariya. Mai Sikeli ya ce ta gyara zama, ya tashi ya ɗora musu ruwan shayi, suka cinye abin da ke farantin su uku kafin a taso yara daga makaranta.