Gefen Rana a Motar Sakkwato

A shekarun da motoci suka fara bin hanyar Jega zuwa Sakkwato, Inna ta yi niyyar Makka. A lokacin tafiya ce ta shekaru, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ni aka ɗora wa rakiyarta har Sakkwato, inda za ta shiga ayari, don na yi elementare, ana ganin zan iya magana da direba.

Kowa ya zo ban kwana sai yayana. Shi ne ɗan farinta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ya shigo gida, sai ta sami aiki a madafa. Haka kunyar ɗan fari take a gidanmu, don kakanninmu na wajen uwa Fulani ne. Yana zaune a Aliero, yana noman albasa a wata fadama da ke bakin hanya, dama ga mai zuwa Sakkwato.

Abin ya hana ni sukuni. Na san in na ce mata ta zauna dama don ta gan shi, za ta koma hagu. In na yi shiru kuma, tana iya wucewa ba ta gan shi ba har abada. Na aika masa da saƙo ta bakin wani mahauci, na kuma dinga tunanin ko mahaucin ya manta. Na yi ta zana hanyar a ƙasa da tsinke, ina juya jikina, don in tabbata dama ce ba hagu ba.

Motar ta kaya ce, an gitta katakai a kan buhunan gero. Da hantsi muka tashi, kuma rana a dama take, saboda haka mata suka yi rububin hagu. Na kai Inna can ƙarshen katako na dama, na ajiye mata butarta.

"Kai, gasa ni za ka yi?" in ji ta.

"Nan ya fi iska, Inna."

"Iskar gidanku."

Amma ba ta tashi ba.

Da muka yi nisa rana ta fara cizo. Wani mai fataucin fata da ke bayanmu ya miƙe zai saki tamfol ya rufe gefen namu duka. Ban yi tunanin tamfol ba ko sau ɗaya, kuma dattijo ne, ba zan iya hana shi ba.

"Malam, bar shi," in ji Inna, ba ta ko waiwaya ba. "Sanyi gare ni cikin ƙashi."

"Sanyi, Hajiya? Ga zuhwa nan har haɓa!"

"Zuhwar tawa ta, ko taka?"

Aka yi dariya, ya koma ya zauna yana gunaguni.

Kafin Aliero hanya ta gangara. Na hango koren albasa, fangali bayan fangali, da mutane suna ban ruwa da ƙwarya. Na shiga neman yayana har idona ya yi ruwa. Sai ga shi tsaye a kan kunya mafi kusa da hanya, sanye da rigarsa ta Juma'a, cikin laka. Bai ɗaga hannu ba. Kansa a sunkuye yake, kamar mai duba shuka.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Motar ba ta rage gudu ba. Na kasa duban ta, don kada ta ga na gani, saboda haka ban san ko ta juya ba. Muka wuce garin, muka shiga gonakin gero da aka girbe, ni kuwa ina ta lissafin ko mayafin ya tare mata.

Mun kusa Tambuwal ta ce da mai fata ya saki tamfol ɗinsa. Da inuwa ta rufe mu, ta yi magana a hankali, tana kallon tafin hannunta.

"Mai gonar can ya rame. In ka koma, ka ce ma matarshi ta riƙa ba shi hura da rana."