Ranar da Ajuma ta Ƙi Saukowa Daga Rumbu

A ƙauyenmu da ke gabas da Dogon Kiriya, in aka ambaci Ajuma matar Gado, dariya ake fara yi kafin a yi mata addu'a. Ita ce macen da ta maƙale a bakin rumbu, rabinta a waje rabinta a ciki, tun hantsi har rana ta take tsaka.

Ajuma mace ce da Allah bai yi mata rowar jiki ba, bai kuma yi mata rowar baki ba. Fura take damawa ranar kasuwa, kuma masu saye sun ce rabin abin da ke kai su wurinta faɗa ne, don in ta zage ka sai ka ji kamar kakarka ce ta dawo.

Abin ya faru a zamanin Faransi, shekarar da fara ta cinye gonakin yamma. Zabarmawa suka kwararo da ƙafa, wasu suka wuce ƙasar Ingilishi, wasu ƙarfinsu ya ƙare a bakin rijiyarmu. Suka kafa bukkoki ƙarƙashin gawo. Manyansu na iya ɗaure ciki, amma yaran sun fara kumburin ƙafa. Dattawa suka zauna, suka ce abin da ya rage a rumbuna ba zai kai mu damina ba in an raba, saboda haka baƙi su ƙara gaba kafin kasuwa mai zuwa. Kowa ya san ƙananan ba za su kai ko'ina ba. Ba wanda ya faɗa da baki.

A lokacin an kwashe Gado zuwa aikin hanya na kwamandan Faransi, rumbunsa yana hannun wansa Mani. A al'adarmu kuwa mace ba ta shiga rumbu. Namiji ne yake hawa ya miƙo mata abin dakawa. Ajuma ta roƙi Mani ya ɗebo gero don yaran baƙin, ya ce a'a. Ta jira ya tafi daji, ta jingina tsani, ta ture murfin, ta zura.

Shiga ba ta ba ta wahala ba. Da ta isa ciki ta cika zanenta da zangarniyar gero, ta ɗaure a kugu, ta yunƙura za ta fito. Kai ya fito, kafaɗu suka fito, daga nan rumbu ya ce iyakar kenan.

Kafin a jima gari ya taru. Mani ya dawo a guje yana salati. Mai gari Sha'ibu, tsoho ɗan siriri, ya iso da sandarsa, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Ajuma, mi ya kai ki nan?"

"Gero, ranka shi daɗe. Kana tsammanin hantsi nika sha?"

Mani ya hau tsani ya leƙa ta gefe, ya gane matsalar. "Ke, kwance zanen ga ki saki geron, yanzu ki hito."

"Yaya, ba ni saki."

"Sai mu fasa rumbun!"

"Fasa. Irin shukarku na ƙarƙashin ƙafata."

Nan aka tsaya. Ba a fasa rumbu da iri a ciki, kuma ba namijin da zai kama matar ƙanensa ya ja a gaban jama'a. Ajuma ta duba ƙasa, ta ga duk dattawan da ba su taɓa barin mace ta zauna a shawararsu ba sun jeru a gabanta, wuyansu a miƙe. Sai ta gyara gwiwar hannunta a bakin rumbu kamar mai shirin hira.

Ta fara da mai gari. Ta tuna masa cewa kakarsa daga Adar ta zo a wata yunwa, goye a bayan jaki. Ta wuce ga liman, ta wuce ga maƙeri. Ba gidan da ba ta tono masa baƙo ba, ita kanta har da nata. Mata suna bayan danga suna ƙara mata abin da ta manta.

"To mi kike so?" in ji Sha'ibu, rana ta fara dukan ƙeyarsa.

"Kowane gida shi ɗauki ɗan baƙo guda. Abin da ɗanka ya ci shi ci. Iyayensu su yi muna noma in ruwa ya sauka."

"In abinci bai kai ba fa?"

"Mu rame tare. Ni ina da abin ramewa, kai ne nika tausayi."

Dariyar da aka yi ita ta karya taron. Sha'ibu ya buga sandarsa ya ce an yi. Ajuma ta ce bai isa ba, sai ta gani da idonta. Daga saman rumbu ta kalli mata suna zuwa gindin gawo, kowacce tana dawowa da yaro a hannu ko a baya. Sai da aka ɗauki na ƙarshe ta kwance zanen, geron ya zube ciki, ta sulluɓo waje kamar ba ita ba.

An sha wuya a shekarar. An ci tafasa da dusa, Ajuma kanta sai da zanenta ya zagaye ta har ya yi saura. Amma ba a binne yaro ko ɗaya daga cikin baƙin ba. Hukuncin ya zauna a garin, duk baƙin da suka sauka da yara sai a raba yaran ga tukwanen gidaje kafin a tambayi iyayen daga ina suke. Yarinyar da ta faɗo gidan Ajuma, Ma'u, a nan ta girma ta yi aure, jikokinta yau ba su jin Zabarmanci sai na gaisuwa.

Har ta tsufa ba a bar tsokanarta ba. Wata ranar kasuwa Ɗanjuma mahauci, abokin wasanta, ya ce, "Inna Ajuma, don Allah gaya muna gaskiya, rumbun ne ƙarami ko ke ce kinka yi yawa?"

Ta ci gaba da dama furarta, ba ta ko ɗago ba.

"Kai dai ci gaba da dariya, ɗan banza. Tun da anka kawo ni garin ga nike magana daga ƙasa, ba wanda ya taɓa ji na. Da na san sai an hau rumbu maza ka jin magana, da tun ina amarya na hau."