Jitar Evaristo Ta Dawo Paracho

Goggo Hermelinda ƙanwar mahaifina ce. A garinmu Paracho kusan kowane gida ana ƙera jita, amma ita ba ta taɓa ƙera ko guda ba, kuma ba ta iya kaɗawa ba. Aikinta gyaran tabo. In maƙeri ya kusa gamawa sai ya ga katakon fuska ya loɓa, ko wata 'yar kafa ta buɗe a gefe, sai ya naɗe jitar cikin bargo ya kai mata. Loɓawa takan ɗora mata jiƙaƙƙen ƙyalle ta taɓa da dutsen guga har katakon ya kumburo. Kafa kuwa, garin katakon take kwaɓawa da gam ta cike, in ya bushe ta goge.

A kan jitar mijinta ta koya. Evaristo ya ƙera wata don kansa, tana shanye a tsakar gida ludayi ya suɓuce wa Goggo ya faɗa a kanta.

"Sannu da aiki, uwargida," in ji shi. "Ni na yi wata uku ina ƙerawa, ke kin sa hannu da ludayi."

"Wa ya ce ka shanya ta kusa da tukunyata?"

Ya nuna mata yadda ake yi, ta gyara, amma wani ɗan duhu kamar ƙwayar wake ya ƙi fita.

Da kasuwa ta mutu saboda jitocin kamfani masu araha, Evaristo ya bi sauran maza zuwa Arewa, ƙetaren iyakar ƙasarmu, neman aiki, ya tafi da jitarsa. Da farko yana kira kowace Lahadi. Daga baya sai lokacin bukukuwa. Sannan shiru. Ba su haihu ba. Mutane suka yi ta ba ta shawara ta haƙura, ita kuwa duk wanda ya dawo daga can sai ta kai masa kunun masara, ta zauna tana jira ko zai ambaci sunan. Haka ta yi furfura.

Ana bikin jita na watan Agusta, ina ɗakin aikinta muna ɓarar wake, wata mace ta yi sallama da akwatin jita a hannu. Harshenta na waɗanda aka haifa a can ne. Ta ce sunanta Yesenia, mahaifinta ya rasu a hunturun da ya wuce, kuma ya ce in jitar ta tsage kada a ba kowa sai mai gyaran tabo ta Paracho.

Goggo ta buɗe akwatin. Na ga yatsanta ya tafi kai tsaye kan ɗan duhun nan mai kama da ƙwayar wake. Sannan ta dubi baƙuwar.

"Yaya sunan baban naki?"

"Evaristo."

"Ya yi ƙiba?"

Yesenia ta yi dariyar mamaki. "Sosai, Inna. Kin san shi?"

"Duk garin nan an san shi. Zauna."

Tsagar ƙarama ce, aikin yini guda. Goggo ta ce sai bayan mako, kuma sai mai kaya ta riƙa zuwa tana duba aikin. Kullum Yesenia na zuwa, Goggo na zuba mata miya tana jero tambayoyi. Wane aiki ya yi? Gonar tuffa. Haƙoransa sun zube? Yana nan da cin barkono har ya yi hawaye? Wa ke masa aski? Uwar Yesenia kaɗai ba ta tambaya ba.

Ranar ƙarshe Yesenia ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ke ce matarsa, ko?"

"Ni ce."

"Bai taɓa faɗa ba. Amma in ya sha ya yi kaɗe-kaɗe, yakan ce akwai wadda yake jin kunyar komawa wurinta."

"Kunya," in ji Goggo. "Da ya zo da kunyar tasa, ai da mun sami inda za mu ajiye ta."

Yesenia ta so ta bar mata jitar. Goggo ta ƙi, ta ce ba a ƙera jita don ta rataye a bango ba. Ta raka ta har tashar mota, riƙe da hannunta.

Bayan kwana biyu ta zo gidana, abin da ba ta saba ba. Ta ce in nemo mata a wayata garin da Yesenia ta ce Evaristo ya zauna. Na nemo a taswirar da ke nuna hotunan tituna. Titi ne mai faɗi, an ɗauki hotonsa da hunturu, gidaje a jere, ƙanƙara ta rufe motoci. Ta sa tabarau ta duba, ta ce in matsa gaba, in ƙara matsawa.

"Wanne ne gidan?"

"Ban sani ba, Goggo."

"To bari mu bi layin a hankali," ta ce, ta jawo kujera kusa da ni.