Murfin Bawul Biyu a Aljihun Kalilu

Kalilu ya fi shekara talatin yana gyaran babur a Magamar Jibiya, a ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke kallon shingen kan iyaka. Gajere ne, ba shi da fara'a, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi yana saurayi. Tun ranar bai sake tuƙa babur ba, sai dai a goya shi. Mutane suna cewa matsoraci ne, kuma ba ƙarya suka yi masa ba.

Amma duk mai ratsa daji da buhun shinkafa ko jarkar mai zuwa ƙauyukan Maraɗi, wurinsa yake kawo babur, domin Kalilu ya san yashi. Yana da wata al'ada. In ya gama gyara, sai ya kwance murfin bawul, ya danna da tsinken ashana, ya rage iskar tayar baya tsawon karatun Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya. Taya mai laushi ita ke shimfiɗuwa a kan rairayi ba ta nutse ba. Ya yi haka har hannunsa ya daina neman izinin kansa.

A shekarar da aka rufe iyaka, manyan motoci suka daina wucewa, kwalta ta zama fili. Samarin da suka saba kwana a hanya suka rasa abin yi. Cikinsu har da Nagoggo, ɗan marigayi yayan Kalilu, wanda ƙanwarsu Tsahara ta raina tun yana goye. Magidanci ne da 'ya'ya biyu, amma in ya ji ƙarar inji hankalinsa barinsa yake yi.

A lokacin ne Alhaji Zunnuraini, wani ɗan kasuwa da zaman banza ya dama, ya fito da wani babur mai ƙafa huɗu da ya taɓa sayowa a wajen Agadas. Abokinsa Isah na Katsina ya yi masa gorin cewa wannan jakin yashi ne, ba zai iya da babban babur ɗinsa a kan kwalta ba. Suka sa rana: Lahadi bayan la'asar, tsere a miƙe, tsawon turakun lantarki goma a bayan gari. Nagoggo ya ce shi zai hau.

Suka turo abin rumfar Kalilu. Ya zagaya shi sau biyu, ya ce ba zai taɓa ba.

Nagoggo ya ce, "Baffa, in ba ka yi ba, wurin wani za mu kai. Kuma ni dai zan hau."

Wannan maganar ce ta kama shi. Ya karɓi aikin don tsoro, ba don so ba.

Kwana tara ya yi a kansa. Nagoggo ya nuna masa a waya yadda masu irin wannan tseren suke yi a wasu ƙasashe, ya kalla har idonsa ya yi ja. Abin da ya gane shi ne, duk abin da ke taimakon babur ɗin a yashi, shi zai kashe mutum a kwalta. Ya yi tsayi da yawa, gindinsa gajere, ƙarfinsa duk a baya. In aka murɗa masa wuta gaba ɗaya, tayoyin baya suka kama ƙasa, kansa zai tashi sama ya juyo ya danne mai shi.

Sai ya sauke shokozoba, wato sifirin da ke shanye gargada, ya ɗaure na gaba da bel ɗin kujerar mota don kada su miƙe. Ya kai wa Shamsu mai walda ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya aka ƙara masa taƙi guda. Ya zauna da wuƙa mai kaifi yana aske haƙoran tayoyin ɗaya bayan ɗaya har suka yi sumul. A ƙarshe ya haɗa wasu sandunan ƙarfe biyu a baya, ya sa musu ƙafafun tsohon janareta a baki, don in kan ya tashi su tokare ƙasa.

Ranar Lahadi da azahar Alhaji Zunnuraini ya zo ɗauka. Da ya ga sandunan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kalilu, mi ne ne wannan? Keken koyon tafiya ka yi muna? So kake mutanen Katsina su ce mun zo da baro?"

"Alhaji, a bar su. Ran mutum ne."

"Ran mutum na hannun Allah. Cire."

Kalilu ya dubi Nagoggo. Nagoggo ya kau da kai ya ce, "Cire, Baffa. Nauyi ne kawai."

Ya cire, ransa a ɓace. Ya tsuguna a bayan babur ɗin ya ɗan jima, sannan suka tayar suka tafi.

Yana alwalar la'asar ya sa hannu a aljihu neman tsinken sakace. Yatsunsa suka taɓo wasu ƙananan abubuwa biyu na roba. Ya fiddo su. Murfin bawul ne, da tsinken ashana a karye.

Butar ta kuɓuce masa. Bai tuna lokacin da ya yi ba, amma ya san ya yi: Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya a kowace tayar baya. Ya aske tayoyin don su kama kwalta, ga shi ya sassauta su yadda za su manne mata kamar ƙaro a wannan zafin rana. Sandunan da za su tare kuma ga su nan jingine a rumfarsa. Abin da ya fara zuwa masa a rai ba gawar Nagoggo ba ce. Fuskar Tsahara ce a bakin zaure, tana tambayarsa wa ya gyara.

Ya yi sallar a gaggauce, shi kansa bai san me ya karanta ba. Ya ɗauki famfon hannu, sifana da sandunan nan biyu, ya tare wani ɗan acaɓa. Mutumin da kullum yake cewa a tafi a hankali, ranar shi ne ke dukan kafaɗar direba yana cewa ya ƙara wuta, idonsa a rufe.

Ya tarar da mutane sun yi layi a gefen titi. Babur ɗin Isah na kururuwa a dama, Nagoggo a hagu, wani ya riga ya ɗaga hula zai ba da alama. Kalilu ya diro tun kafin a tsaya, ya ɗingisa ya je ya zauna daɓas a kan kwalta, a gaban tayar Nagoggo.

Aka yi ca a kansa. Isah ya ɗaga murya, "Alhaji, wannan ma cikin kayan gyaran yake?"

Nagoggo ya kashe inji. "Baffa, don Allah tashi. Kunya kake ba ni."

Kalilu ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa murafen. Ya ce, "Na rage iska. Ban sani ba na rage. Ka taka ni in kana so, amma ba ka tahiya haka."

Nagoggo ya leƙa tayar baya, ya ga yadda ta baje a ƙasa. Shi ma ya yi shekaru a kan babur. Sai ya sauka.

Kalilu ya durƙusa yana buga famfo, gumi na shiga masa ido. Da ya gama ya jawo sandunan. Alhaji Zunnuraini ya ce bai yarda ba. Kalilu bai ɗago ba, ya ce, "To ka hau da kanka, Alhaji." Aka yi dariya, Alhaji ya ja da baya. Sau uku sifana na faɗuwa daga hannunsa kafin ya ɗaure noti na ƙarshe.

Aka saki hula. Kalilu ya so ya rufe ido, suka ƙi rufuwa. Tayoyin suka yi ƙara, suka ɗan zame, sannan suka kama. Kafin turke na biyu kan babur ɗin ya tashi, tayoyin gaba suka bar ƙasa har ana hango hasken rana ta ƙarƙashinsu. Mata masu sayar da gyaɗa suka yi salati. Ƙafafun janareta suka daki kwalta, tartsatsi ya tashi, babur ɗin ya yi tafiyar turke guda a haka, sannan kan ya dawo ƙasa da ƙarfi. Nagoggo yana kai, bai faɗo ba.

Babur ɗin Isah ne ya riga isa, da tazarar da ba ta kai tsawon mota ba. Alhaji Zunnuraini ya ce sandunan ne suka ja musu, ya tafi ko sallama babu.

Nagoggo ya dawo a hankali. Leɓensa ya fashe inda ya cije shi. Ya sauka ya tsuguna a baya. Ƙafar janareta ɗaya ta cinye har rabi, robar ta narke, ƙarfen na hayaƙi. Ya daɗe yana kallonta.

"Kada ka gaya wa Goggo," in ji shi.

Kalilu yana zaune a bakin kwalta. Ya miƙa masa murafen biyu ya ce ya mayar da su.

Har yau yana rumfarsa, yana rage wa masu shiga daji iska da tsinken ashana. Sai dai yanzu kafin ya kwance murfi yakan tambayi mai babur, "Yashi za ka bi ko kwalta?" Mai ƙafa huɗu kuwa, an sake kawo masa sau biyu, ya ce su wuce gaba.