Ruwan Goggo Mai Tafashe

Shekara ashirin da shida Goggo ta yi tana wanke almakasai da farantai a wani ƙaramin asibiti, kuma ilimi ɗaya ta fito da shi: duk abin da ya tafasa ya tsarkaka. Har cokali sai ta dafa. Ƙannenta suka laƙaba mata Mai Tafashe, ta ce a kai kasuwa.

Da ta ajiye aiki sai ta koma ɗakinta a bayan layin masu gyaran mota. Ruwan famfo kuwa ba ta haɗa hanya da shi, wai warin magani yake. Duro uku ta jera ƙarƙashin indararo, ruwan sama take tarawa, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗora a wuta ya yi ta ɓararraka har tukunya ta koma rabi. Bayan katangarta akwai masu fasa tsofaffin batura suna narka dalma. Hayaƙinsu yakan sauka a kwanon rufinta, sai dai ta rufe taga ta yi tsaki.

Wannan ruwan ta shayar da jikarta tun daga yaye, 'yar shekara uku da ake kira Tsuntsuwa saboda surutu. Uwar na zuwa aiki, yarinya na wuni wurin kaka.

To, Tsuntsuwa ta fara yin shiru. Ciwon ciki, ƙin abinci, a kira ta sau uku kafin ta waiwayo. Hankalin Goggo ya tashi, ta ƙara wa tukunya wuta. Ranar da yarinyar ta sandare a hannunta, idanu suka juye, ko takalmi Goggo ba ta tsaya nema ba.

Kwana uku suna kwance a asibiti kafin likita ta zo da takardar gwajin jini.

"Mama, akwai dalma a jininta, da yawa. Wane ruwa take sha?"

"Na sama, 'yata. Amma ina tafasawa! Wallahi har sai ya ƙone rabi."

Likitar ta ja kujera ta zauna. Wannan zaman ne ya tsinka wa Goggo gaba, don ta san zaman, ta sha ganin an yi wa wasu shi.

"Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, Mama. Dalma ƙarfe ce. Ruwan ne ke tashi, ita tana nan. Wanda ya ƙone rabi, dalmarsa ta ninku."

Innalillahi! Goggo ta dafe kai. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Za ta koma yin magana kamar da?"

"Za mu ba ta magani ya rage dalmar. Sauran sai mun gani."

Uwar yarinyar na tsaye jikin bango, ko duban Goggo ba ta yi ba. Da ma zagi ta yi!

Sai Tsuntsuwa ta motsa. Ta miƙa hannu wajen gorar da Goggo ta cika da safe ta kawo daga gida, ta buɗe baki a karon farko cikin kwana uku.

"Goggo, ruwa."

Goggo ta fizge gorar ta ɓoye a bayanta. Yarinyar ta fashe da kuka, tana kallon kakarta, ba ta san laifin da ta yi ba.