Zara Biyu a Gidan Sambo

Ajimi Umaru ɗan Guci ne. Tun yana lakwal, makarantar boko, ba ya son a tsaya masa a ka. Ya yi karatun na'ura a Damagaram, ya dawo Dungas, wani proje mai raba wa yara abinci a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa ya ɗauke shi. Aikinsa shi ne ya rubuta manhajar da za ta ɗauko sunaye daga rajista, ta haɗa kowane gida da 'ya'yansa, ta fitar da takardar rabo.

Kafin a sake ta sai an gwada. A nan ya tsaya kwana uku. Duk sanda ya kunna gwajin sai allon ya yi ja, da saƙo iri ɗaya: mazubin da aka zuba yaran gida ba shi ne ake jira ba. Mazubin iri biyu ne. Jeri yana riƙe duk abin da aka ba shi, ko da abu ya maimaitu. Tari kuwa, in ya ga biyu iri ɗaya, sai ya ajiye guda. Ajimi ya rubuta jeri a wuri ɗaya, tari a wani, su biyun suka ƙi juna.

Malam Najib, shugaban projen, ya leƙo ofis.

"Injiniya, har yanzu jan nan? Motar abinci ba ta san gwaji ba fa."

"Yau zai wuce, Malam."

Ya duba wanda ya fi saurin gyaruwa, ya mai da komai tari. Allon ya yi kore. Har yabo ya samu, don an ce na'urarsa tana kama masu rubuta yaro sau biyu.

Bayan rabo na uku, ran kasuwar Dungas, Gwaggo Ƙande, ƙanwar mahaifinsa, ta sauko daga kabu-kabu ta same shi. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa.

"Ɗan nan, an ce kai ke koya wa ƙarfen ƙirga."

"Haka ake cewa, Gwaggo."

"To bai gaji kanka ba. Zara biyu gare mu, shi ya ce ɗaya."

Jikokinta ne. 'Ya'yanta maza biyu, duk a gidan mijinta Sambo, kowa ya sa wa 'yarsa sunan kakarsa, damina ɗaya. A gida ana kiran ɗaya Ummi, ɗaya Amarya, ba wanda ya taɓa rikita su. A rajista kuwa kowacce Zara Sambo ce, ɗaya ga Janairu, ranar da ake rubuta wa duk wanda ba a riƙe ranarsa ba.

"Kun gaya wa masu rabo?"

"Sun ce abin da takarda ta ce. Muna raba musu na mutum ɗaya. Ummi tana da ƙarfin karɓa." Ta gyara mayafi. "Amarya ba ta da rigima."

Ranar bai tashi cin abinci ba. Ya mai da komai jeri, ya ba kowane yaro lambarsa, ya zauna da jan har ya gane inda suka saɓa. Da ya sake fitar da takardar, yara goma sha tara suka ƙaru.

Kwana biyu ya jira sa hannu, sannan ya ɗaure katan biyu na abincin a babur ya nufi Guci. Daga nesa ya ga tabarmi a ƙofar gidan Sambo, maza zaune, takalma a gefe. Ya kashe babur tun bai iso ba, ya tura shi.

An binne Amarya tun da safe. Gwaggo ta karɓi katan ɗaya, na Ummi. Ɗayan ta ce ya kai wa mai shi a cikin sauran yaran da suka ƙaru.

Ajimi yana nan a Dungas har yau. Sun ce ya yi nawa a aiki, allonsa kan kwana huɗu da ja bai damu ba. A kowane gwaji nasa akwai gida mai yara biyu masu suna ɗaya. Abokan aiki sun sha tambayarsa me ya sa kullum Zara. Yakan ce suna ne mai yawa a nan.