Faifai Huɗu da Muryar Baba

Da Baba ya rasu, ya bar mana kaset-kaset na karatun da yake bayarwa a zaure, kwali-kwali, wasu har zaren ya fara mannewa. A gidanmu ni ce na karanci kwamfuta, don haka ni na ɗauki aikin juye su kafin su lalace.

Babban yayanmu da ke aiki a Minna ya samo kwamfuta ta hannu, irin shimfiɗaɗɗiyar nan mai nauyi da ake zurawa a kantar ƙarfe. Ba ta da gurbin ƙananan faifan SSD, sai na sa aka kawo katin adafta biyu, kowanne yana ɗaukar faifai biyu. Na sha wuya. Na soka katunan, na kunna, ta ƙi ganin faifai sai ɗaya a kowane kati, har sai da na shiga saitinta na raba hanyar kowane gurbi gida biyu. Daga nan na haɗa su da tsarin RAID, irin wanda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya sai an rubuta kwafinsa a ɗan'uwansa. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. Illarsa kawai rabin wurin ke tafiya.

Wata da watanni ina zaune gaban rikoda ina juyewa. Na kusa gamawa Yaya ya zo hutu, ya leƙa allon.

"Ke, ina sauran wurin?"

Na yi masa bayani.

"Wannan ai almubazzaranci ne. Sabon faifai ne zai mutu?"

A satin surukata ta kwanta rashin lafiya a Mashegu, na tafi jinya. Ko da na dawo, sai na ji ɗakin kwamfutar tsit. Yaya ya kira wani abokinsa, sun kwashe karatun, sun rushe tsarina, sun haɗe faifai huɗun sun zama ɗaya, sannan suka mayar da karatun ciki. Yanzu kowane karatu a yayyanke yake gida huɗu, babu kwafi. Fankokin da ke sanyaya kwamfutar kuwa ya cire musu waya, wai ƙararsu na hana Hajiya, mahaifiyarmu, barcin rana. Kaset ɗin ma ya rarraba wa ɗaliban Baba don tabarruki, tunda a cewarsa an gama da su.

Na kira shi a waya. Ya ce in kwantar da hankalina, zai aiko da faifan da suka kwashe karatun a ciki. Ashe na abokin ne, har ya goge. Na mayar da fankokin, amma faifan sun riga sun gasu a zafin bazarar Kontagora. Kafin in sami inda zan kwafe, ɗaya ya mutu, ya tafi da komai.

Da Yaya ya zo, a tsakar gida na tare shi.

"Ƙaddara ce," in ji shi.

"Yaya, ƙaddara ce ta cire wa fanka waya? Ƙaddara ce ta raba kaset? Na gaya maka da bakina!"

"Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne."

Hajiya ta fito ta ce in ba shi haƙuri, ba a ɗaga wa babba murya. Na ba shi. Har yau wannan haƙurin ya fi mutuwar faifan ci mini rai.

Ni da mijina muka bi ɗalibai gida-gida muna roƙon kaset. Na cikin gari sun ba mu, wani dattijo a Dukku ya aiko da nasa a mota. Kaset ɗin da suka tafi Kasuwan Garba kuwa ba mu iya bin hanyar ba saboda rashin tsaro, waɗanda aka ba wa ma an ce sun yi ƙaura. Tafsirin azumin Baba na ƙarshe yana cikinsu.

Na sayi wani faifan, na sake haɗa tsarin yadda yake, na kulle saitin, na sa wa ɗakin kwaɗo. Yaya bai taɓa tambayata me na samo ba. Muna gaisawa.